Katanga ko tantancewa: wanne za ku fara kashe wa kuɗi wajen tsare kwamfutocin makaranta da ofis?

Duk makarantar da ta tara kwamfutoci, da duk ofishin da aikinsa ya koma kan intanet, akwai ranar da za a zauna a kan maganar tsaro, kuma a ranar ake gane cewa kuɗin da aka ware ba zai ɗauki komai da komai ba. Shawara biyu ce ta fi yawan zuwa gaban shugabanni. Ta farko ita ce a sayi katangar tsaro mai ƙarfi, wato na'urar da ake girkewa tsakanin intanet da sadarwar cikin gida, a haɗa ta da VPN, wato rufaffiyar hanyar da masu aiki daga nesa ke bi ta intanet su shiga sadarwar cikin gida. Ta biyu kuwa a rage dogaro da ƙofar waje, a zuba kuɗin wajen tantance kowane mutum da na'urar da ke hannunsa duk lokacin da zai buɗe wani abu, yana cikin ginin ne ko yana wata ƙasa.

Zan faɗi inda na karkata tun yanzu, don kada in ja ku da nisa. Ga mafi yawan makarantu da ƙananan ofisoshi a yau, tantancewa ce ta cancanci kuɗin farko. Amma akwai wuraren da wannan hukunci bai hau kansu ba, kuma akwai aikin da katanga kaɗai ke iya yi.

Abin da katanga ke yi

Kowane saƙo da ke yawo a intanet yana ɗauke da adireshin inda ya fito, da inda za shi, da lambar ƙofar da yake nema. Katanga tana duba waɗannan, ta bar wanda aka yarje masa ya wuce, ta mayar da saura. Na zamani sun wuce haka: suna gane irin manhajar da ke magana, suna toshe shafukan da aka sani da mugunta, suna kama alamun harin da aka taɓa gani a wani wuri.

Babban amfaninta shi ne tana kare abin da ba ya iya kare kansa. Firinta, kyamarar tsaro, na'urar ɗaukar zanen yatsa da ke bakin ƙofa, tsohuwar kwamfutar da ke juya wata na'ura a ɗakin gwaje-gwaje, duk waɗannan ba za a iya tambayar su wata shaida ba, kuma da yawansu kamfanin da ya ƙera su ya daɗe da daina fitar musu da faci, wato gyaran da ke toshe ɓarakar da aka gano a manhaja. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci (na'urorin raba intanet) ba da wata babbar dabara ba, sai gwada kalmomin sirri kusan 60 waɗanda na'urorin ke zuwa da su daga masana'anta. Abin da ya ba ta dama shi ne an bar su a buɗe ga duk duniya. Haka ma WannaCry, manhajar garkuwa da bayanai wadda ta ɓarke ranar 12 ga Mayun 2017 ta shiga ƙasashe kimanin 150. A Ingila ta sa hukumar lafiya ta NHS ta soke ganin likita kusan 19,000. Microsoft ya riga ya fitar da facin tun watan Maris, asibitocin da abin ya shafa ba su saka ba, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa ko da ba su saka ba, da sun gyara katangarsu ta rufe ƙofar raba fayil daga waje, da ta kare su. Wanda ya ce muku katanga tsohon yayi ce, to bai san yadda waɗannan hare-hare suka gudana ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar tana cikin abin da tsarin ya ɗauka tun farko, cewa na waje abin zargi ne, na ciki kuma amintacce. Kamar gida ne mai doguwar katanga da mai gadi a ƙofa, amma ɗakunan ciki babu wanda ke da makulli. A ƙarshen 2013 aka sace lambobin katin banki kimanin miliyan 40 daga kamfanin Target na Amurka. Masu kutsen ba su fasa komai ba. Kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya wuri suka sata, suka shiga da ita, daga nan suka yi ta ratsawa har suka kai ga na'urorin karɓar kuɗi a kantuna. A wurin katanga, wanda ya zo da kalmar sirri daidai ɗan gida ne.

Akwai kuma abin da masu sayar da na'urar ba sa son daɗewa a kansa: ita kanta katangar, da VPN ɗin da ke jikinta, kwamfuta ce da ke tsaye a bakin intanet dare da rana, kuma a 'yan shekarun nan ita masu kutse suka fi kai wa hari. An gano manyan ɓaraka a na'urorin kamfanonin Pulse Secure da Fortinet da Citrix, aka yi ta shiga wuraren da suka yi jinkirin faci. A ƙarshen Janairun 2024 abin ya kai hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta ba ma'aikatun gwamnatin tarayya kwana biyu su cire na'urorin VPN na Ivanti daga sadarwarsu baki ɗaya. Idan gwamnati mai ma'aikatan tsaro na dindindin ta kai ga zare waya, ku tambayi kanku wa zai saka facin gaggawa a na'urarku idan sanarwar ta fito tsakiyar dogon hutu. Wannan ita ce tambayar da na fi ba muhimmanci a duk lissafin. Katangar da babu mai bibiyar facinta ƙofa ce kuka ƙara wa ginin, kuma kuna biyan lasisinta kowace shekara.

Ko VPN ɗin ba shi da ɓaraka, yadda aka saba girka shi yana da haɗari, domin da zarar ya karɓi mutum sai ya sauke shi a tsakiyar sadarwa. A Mayun 2021 aka tsayar da bututun mai na Colonial Pipeline, wanda ke kai kusan rabin man da gabashin Amurka ke sha, kwanaki ana layi a gidajen mai. Shugaban kamfanin ya shaida wa majalisar dattawa cewa ta wani tsohon asusun VPN aka shigo, asusun da kalmar sirri kaɗai ke tsaronsa. Kamfanin ya biya maharan fansar dala miliyan 4.4.

Abu na ƙarshe a kan katanga, mafi yawan abin da ke bi ta cikinta yanzu a rufe yake, domin kusan duk shafuka sun koma HTTPS, tsarin da ke kulle saƙo yadda na tsakiya ba zai iya karanta shi ba. Tana ganin ina za ku, ba ta ganin me kuka ɗauko. Ana iya sa ta ta buɗe saƙonni ta duba, amma sai an dasa takardar shaidarta a kowace na'ura, yana rage saurin aiki, wasu manhajoji suna ƙin tafiya, sannan ga nauyin amana na karanta abin da mutane ke aikawa. A kwamfutocin da makaranta ta mallaka mai yiwuwa ne. A wayoyin ɗalibai da na baƙi kada ma a fara.

Tantancewa a kowace ƙofa

Hanya ta biyu ta samo asali ne daga wahalar da manya suka sha. A Janairun 2010 Google ya sanar cewa an kutsa cikin sadarwarsa, daga nan ya shiga sake gina yadda ma'aikatansa ke kaiwa ga kayan aiki, tsarin da ya sa wa suna BeyondCorp kuma ya bayyana shi a rubuce a 2014. A 2010 ɗin ne John Kindervag na kamfanin bincike na Forrester ya yaɗa ra'ayin cewa kasancewar mutum a cikin sadarwa bai isa a yarda da shi ba. A Agustan 2020 hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta fitar da cikakken bayanin tsarin, a Mayun 2021 kuma fadar shugaban ƙasar ta umarci ma'aikatun tarayya su koma kansa.

Idan aka cire adon 'yan talla, ga abin da ya rage. Kowa yana da asusu ɗaya nasa na kansa, a rajista ɗaya. Bayan kalmar sirri akwai shaida ta biyu. Kafin a buɗe masa imel ko rumbun sakamakon jarrabawa ko takardun albashi, ana duba na'urar da ya zo da ita: tamu ce, an yi mata faci, an kulle rumbunta? Sannan a ba shi abin da aikinsa ke buƙata kawai. Malamin lissafi ya ga makin azuzuwansa, kada ya ga bayanan lafiyar ɗalibai. Akawu ya ga rasit, kada ya iya sauya lambar asusun da ake tura albashi shi kaɗai. Ranar da mutum ya bar aiki, a rufe asusu ɗaya, komai ya rufe.

Dalilin da ya sa na fifita wannan shi ne inda kayanku suke a yau. Idan imel ɗinku na Google ne ko na Microsoft, takardunku suna rumbunsu, rajistar ɗalibai tana sabar wani kamfani (saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai), manhajar albashi ma haka, to abin da ɓarawo ke nema ba ya bayan katangarku. Wanda ya saci kalmar sirrin shugaban makaranta zai shiga daga ɗakinsa a wata nahiya, ko kusa da na'urar da kuka saya ba zai bi ba.

Sai dai shaida ta biyu iri-iri ce, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. Lambar da ake turowa ta saƙon waya ta fi babu nesa ba kusa ba, amma ana iya yaudarar kamfanin waya a ɗauke layin mutum, kuma shafin bogi yana iya karɓar lambar ya yi amfani da ita nan take. Lambar da manhajar waya ke fitarwa duk sakan 30 ta kuɓuta daga satar layi, ba ta kuɓuta daga shafin bogi ba. Wadda ake danna “na amince” ta fi sauƙi, sauƙin ne kuma lahaninta: a Satumban 2022 an shiga Uber ne bayan an yi ta turo wa wani ɗan kwangila buƙatar amincewa har ya gaji ya danna. Mafi ƙarfi shi ne ɗan makullin da ake soka wa kwamfuta ko a taɓa shi da waya, da ɗan'uwansa da ake ajiyewa cikin wayar a buɗe da zanen yatsa. Shi makullin yana duba ainihin adireshin shafin, idan na bogi ne ba zai amsa ba, ko da mai shi ya ruɗu. A tsakiyar 2022 gungu ɗaya ya kai wa kamfanonin fasaha na Twilio da Cloudflare hari da saƙonnin yaudara iri ɗaya. An shiga Twilio. A Cloudflare ma'aikata 3 sun rubuta kalmar sirrinsu a shafin bogin, amma ba a iya shiga ba saboda kowa makulli yake amfani da shi. Google ma ya ce tun da ya raba wa ma'aikatansa sama da 85,000 makullai a farkon 2017, ba a sake ƙwace asusun aikin kowa ta hanyar saƙon yaudara ba, har zuwa lokacin da ya faɗi haka a 2018.

Ba lallai ku saya wa kowa ba. Mai kula da kwamfutoci, shugaba, masu taɓa kuɗi, masu riƙe bayanan ɗalibai ko ma'aikata, waɗannan a ba su makulli, guda biyu kowanne saboda ɓacewa. Saura su yi amfani da manhajar waya. Kuma ku daina tilasta wa mutane sauya kalmar sirri duk wata uku. NIST ta janye wannan shawara tun 2017, domin abin da take haifarwa shi ne mutum ya ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar, ko ya rubuta ta a takarda ya liƙa jikin allo. Doguwar kalma da ba a yi amfani da ita a wani wuri ba ta fi, a sauya ta idan an ga alamar ta fita.

Ita ma wannan hanya tana da nata nauyin, kuma ba zan rufa mata asiri ba. Kun tara komai a wuri ɗaya, don haka wanda ya ƙwace asusun mai kula da rajistar ya ƙwace duka. Idan intanet ta ɗauke, ko kamfanin da ke riƙe rajistar ya samu matsala, aiki na iya tsayawa ko da kwamfutocinku lafiyarsu ƙalau. Kuɗinta na wata-wata ne a kan kowane mutum, kuma sassan da suka fi amfani, kamar duba lafiyar na'ura kafin a bar ta ta shiga, galibi sai a lasisi mai tsada ake samunsu. Tsofaffin manhajoji da aka rubuta don su zauna a sabar ofis ba su san shaida ta biyu ba. Sannan miƙa bayanai ga kamfanin waje bai sauke muku amana ba. A Disamban 2024 aka shiga PowerSchool, kamfanin da ke riƙe rajistar ɗalibai ta dubban makarantu a Amurka da Kanada, da kalmar sirri ɗaya da aka sata ta shafin taimakon abokan ciniki, shafin da ba shi da shaida ta biyu a lokacin. An kwashe bayanan miliyoyin yara da malamai. Kamfanin ya biya fansa don a goge, amma bayan watanni sai ga wasu hukumomin makarantu ana yi musu barazana da bayanan nan dai. Babu katangar makaranta da za ta hana wannan, kuma tantancewarku ta cikin gida ba za ta hana ba. Abin da ke hannunku shi ne tambayar da za ku yi kafin sa hannu a kwangila: ma'aikatanku da 'yan kwangilarku da me suke shiga, kuma bayanan ɗaliban da suka gama shekaru nawa kuke ajiyewa?

Makaranta ba ofis ba ce

A ofis kusan duk wanda ke kan sadarwa babba ne, an ɗauke shi aiki, ya sa hannu a takarda, yana da waya. A makaranta masu amfani sun ninka ma'aikata sau da yawa, kowace shekara wasu na fita wasu na shiga, cikinsu akwai yara masu kaifin basira da lokaci a hannu da son gwada abin da suka gani a bidiyo. Ma'ana, wanda kuke tsoro yana zaune a cikin katangar tun safe. Wannan kaɗai ya rushe zaton cewa na ciki amintacce ne. A ɗaya gefen kuma, ba za ku ce yaro ɗan shekara 8 ya zo da waya don shaida ta biyu ba. Maganin da na ga ya fi dacewa shi ne asusun ɗalibi ya zama mara nauyi, ba ya kaiwa ga komai sai darasinsa, ƙarfin tantancewar a ɗora shi kan malamai da ma'aikatan ofis.

Makaranta tana da wani nauyi da ofis ba shi da shi, wato kare yara daga abin da bai dace su gani ba. A Amurka dokar CIPA ta 2000 ta sa tace shafuka sharaɗi ga makarantun da ke karɓar tallafin intanet, a Ingila ma ƙa'idar kare yara ta wajabta tacewa da sa ido. Nan katanga tana da aiki na gaskiya. Amma ku lura, tacewar da ke kan katanga tana ƙarewa ne a bakin get. Idan makaranta na ba ɗalibai kwamfuta su tafi da ita gida, sai tacewar ta kasance a jikin na'urar ko a asusun yaron.

Abin da ake sacewa a makaranta kuma ba a sauya shi kamar katin banki. A Satumban 2022 gungun Vice Society ya kutsa hukumar makarantun Los Anjeles, ta biyu a girma a Amurka. Hukumar ta ƙi biyan fansa, suka watsa bayanai kimanin gigabait 500, daga baya aka gano har da rahotannin lafiyar ƙwaƙwalwa na wasu tsofaffin ɗalibai. Yaro ba shi ya zaɓi a ajiye sirrinsa a can ba, kuma shi zai rayu da fitarsa. Wannan ne ya sa nake ganin maganar ta fi ƙarfin a bar wa malamin kwamfuta shi kaɗai.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu shi ne Wi-Fi da rarraba sadarwar ciki, kuma nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Kalmar sirri ɗaya ga kowa ba ta daɗewa a ɓoye, wanda ya bar aiki yana tafiya da ita, idan wani abu ya faru ba a san wa ya yi ba, kuma a tsarin tsaron Wi-Fi na WPA2 wanda ya san ta yana iya leƙen abin da maƙwabcinsa ke aikawa idan ba a rufe yake ba. Sabon tsarin, WPA3 na 2018, ya toshe wannan leƙen, bai magance sauran ba. Tsarin da kowa ke shiga da asusunsa ko da takardar shaidar na'urarsa shi ne gyaran, kuma ba sabon abu ba ne: a kansa eduroam ke tafiya, wato Wi-Fi ɗin da jami'o'i a ƙasashe sama da 100 ke amfani da shi. Da shi za ku iya sa na'urar rarraba layi ta jefa kowa sashensa, ɗalibai daban, ma'aikata daban, baƙi su ga intanet kawai, firinta da kyamarori a nasu lungun, sabar kuɗi a wurin da mutum biyu ko uku kaɗai ke kaiwa. Katanga ce ke tsaron tsakanin sassan, amma matsakaiciya ta isa. Sau da yawa na'urorin da kuke da su sun riga sun iya wannan, ba a kunna ba ne.

Babban ɗakin karatu na Birtaniya ya ba da darasin da ya haɗa duka, kuma ya kyauta da ya wallafa shi a fili a Maris na 2024. Gungun masu kutse na Rhysida ya kai masa hari a Oktoban 2023, ya kwashe kimanin gigabait 600, ya lalata sabobi. Rahoton ya ce hanyar da suka fi kyautata zaton an bi ita ce wata saba ta shiga daga nesa da aka girka don 'yan kwangila, wadda ba a sa mata shaida ta biyu ba. Ya ce tsohon tsarin sadarwarsu ya bar maharan sun yaɗu fiye da yadda za su iya a tsarin zamani, kuma tsofaffin manhajoji sun sa farfaɗowa ta ɗauki dogon lokaci. Ayyukan da ke kan sabobin waje, kamar imel da albashi, su ne suka ci gaba da tafiya.

Yadda za ku yanke

Ku ɗauki takarda ku rubuta abubuwa biyar da idan suka ɓace ko suka fita aiki zai tsaya, a gaban kowanne ku rubuta inda yake zaune. Idan huɗu suna sabobin kamfanonin waje, amsar ta fito: shaida ta biyu ga duk ma'aikata, makulli ga masu riƙe manyan asusu, kula da na'urori daga wuri ɗaya, sai matsakaiciyar katanga da ta rufe duk ƙofar shigowa ta kuma raba sassan ciki. VPN ɗin ma ƙila ba ku buƙatarsa, kuma kashe shi tsaro ne.

Idan kuma yawancinsu suna cikin ginin, kamar ofishin da ke da sabar zane-zane masu nauyi, ko kwalejin da ke da ɗakunan gwaji da tsofaffin na'urori, ko wurin da intanet ba ta da tabbas har ba za a dogara da rajistar waje ba, to katanga mai kyau da rarraba sadarwa su ne farko. Amma da sharaɗi biyu da ba a sassautawa: VPN ba ya buɗewa sai da shaida ta biyu, kuma akwai mutum da sunansa wanda aikinsa ne saka faci. Tsarin Cyber Essentials, ƙa'idojin tsaron kwamfuta na gwamnatin Birtaniya, ya ba da kwana 14 ga facin gaggawa. Ga na'urar da ke fuskantar intanet, ni ina ganin ko kwana 14 ya yi yawa. Idan ba ku da wannan mutum, ku ɗauki kamfani ya kula muku, a rubuta a kwangila cikin awa nawa zai yi faci, da wanda zai ɗaga waya da tsakar dare, kuma kalmar sirrin na'urar ta kasance a hannunku ku ma. Ku tuna shi kansa kamfanin ɗan kwangila ne mai makullin gidanku, irin wanda aka bi ta kansa a Target.

Kafin ku sa hannu a kowane, ku cire kaso biyu daga kuɗin. Na farko don tsofaffin kwamfutoci: Microsoft ya daina ba Windows 10 faci kyauta ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma ɗakunan kwamfuta da yawa a kanta suke. Waɗanda ba za a iya ɗaga su ba, a sauya musu manhaja ko a keɓe su a sashen da ba ya kaiwa ga komai mai muhimmanci. Na biyu don kwafin ajiya, domin duk hanyar da kuka zaɓa wata rana wani zai wuce ta. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi 3, a ma'aji iri 2, ɗaya a wani wuri daban, kuma aƙalla ɗaya ya zama ba a haɗe yake da sadarwa ba, tunda masu garkuwa da bayanai ajiyar suke fara nema. A Yunin 2017 muguwar manhajar NotPetya ta shafe kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk, sai da suka sake girka kwamfutoci 45,000 da sabobi 4,000 cikin kwana 10, asarar ta kai tsakanin dala miliyan 250 da 300. Sabobin da ke riƙe rajistar ma'aikatansu suna kwafar juna, shi ya sa suka tafi tare. An ruwaito cewa guda ɗaya ce ta tsira, a ofishinsu na Ghana, saboda wuta ta ɗauke ta raba ta da sadarwa kafin harin. Rumbun da ke kwafar fayilolinku nan take zai kwafi lalatattun ma nan take, don haka ku tabbatar yana ajiye tsofaffin kwafi da babu asusun yau da kullum da zai iya gogewa, kuma kowane zangon karatu ko kowane wata uku a zaɓi saba ɗaya a dawo da ita daga ajiya, a ga awa nawa abin ke ɗauka.